KAIFI A BISA ZUCIYA

Karatu: Ibraniyawa 4:12-13, Matta 26:47-56.

Wata ranar Lahadi ina tsaye ina wa'azi, sai idona ya faɗa kan wani yaro can a bencin baya, ɗan shekara goma sha uku. Ya buɗe wani ɗan littafi baƙi a hannunsa na hagu, ya sunkuyar da kai, hannunsa na dama kuwa yana ta rubutu ba hutawa. Raina ya yi fari. Na ce a zuciyata, ga yaro yana rubuta ayoyi, manya kuwa suna gyangyaɗi. Har na yi niyyar yaba masa a gaban jama'a, Allah ya taimake ni ban yi ba. Da aka tashi daga sujada na kira shi in ga abin da ya rubuta. Ashe abin da na ɗauka littafi ne na'urar wasa ce, alƙalamin kuma takobi ne. Tun daga waƙar fari har addu'ar sallama yaron nan yana can ƙasar Japan yana saran abokan gaba.

Da maraice ubansa ya zo gidana da abin a aljihu, ransa a ɓace ƙwarai. Ya ce, "Baba, ga abin kunyar nan. Kawunsa ne ya sayo masa a wurin masu sayar da tsofaffin kaya. In fasa shi ne, ko in jefa shi a wuta?" Na ce masa ya bar mini shi kwana bakwai tukuna, ya kuma riƙa aiko mini da yaron bayan makaranta. Gama ban ga ya kamata in yanke shari'a a kan abin da ban sani ba. Na kuwa san iyaye da yawa cikin masu karanta wannan jarida suna da irin tambayar nan, ko da ya ke na 'ya'yansu yana cikin wayar hannu ne. Domin haka na ke rubuta abin da na gani.

Sunan na'urar Nintendo DS. Kamfanin da ya yi ta yana birnin Kiyoto, an kafa shi tun 1889, sana'arsa ta fari kuwa buga katin wasa ce. A 2004 ya fito da wannan na'ura, aka sayar da fiye da miliyan 150 a duniya kafin a daina ƙera ta. Tana naɗewa biyu, tana da allon gilashi biyu, ɗaya daga cikinsu yana jin taɓawa. Wasan da ke cikinta sunansa Ninja Gaiden: Dragon Sword, wani kamfani mai suna Tecmo ya fitar da shi a watan Maris na 2008, ƙarƙashin wani gwani, Tomonobu Itagaki. Yawancin wasannin na'urar a kwance a kan riƙe ta. Wannan kuwa sai an juya ta a tsaye, an buɗe ta kamar littafin waƙa, taswira a shafi ɗaya, yaƙi a ɗaya shafin. Abin da ya ruɗe ni ke nan.

Yaron ya zauna kusa da ni ya koya mini. Akwai ɗan tsinken roba mai kama da alƙalami. In ka ɗora shi a gilashin, jarumin ya ruga zuwa wurin. In ka ja layi a jikin abokin gaba, ya sare shi. In ka ja sama, ya yi tsalle. In ka ɗan taɓa, ya jefa waɗansu 'yan ƙarafa masu tsini kamar tauraro. In ka danna maɓalli, ya kare kansa. Sunan jarumin Ryu Hayabusa. Labarin kuwa gajere ne: maƙiya sun sace wata yarinya mai suna Momiji daga ƙauyensu, shi kuma ya ɗauki takobin kakanninsa ya bi sawu, yana kashe mutane da aljanu da dodanni har ya kai gare ta.

Bari in faɗi gaskiya, gama Allah yana ƙin ma'aunin algus. Aikin gwaninta ne. Waɗanda suka yi shi sun yi tunani, hankalin da suka yi aiki da shi kuwa kyautar Allah ce. Babu aljani a cikin akwatin, batir ne da gilashi da lissafi. Yaron kuma ba mugu ba ne. Ya yi haƙuri da ni, tsoho mai sandararren yatsa, fiye da yadda na kan yi da 'yan ajin baftisma. Manzo Bulus ya gaya wa Korintiyawa, a wasiƙarsa ta fari sura 6 aya 12, cewa abu ya kan zama halal amma ya rasa amfani, shi kuwa ba zai yarda kowane abu ya mallake shi ba. Abin da ya hana yaro jin Maganar Allah awa biyu cif, labudda ya fara mallakarsa. Wannan a fili ya ke, ba na bukatar in tsawaita.

Akwai wani wuri kuma da ya sa na ɗaure fuska. In jarumin yana so ya kira wuta ko guguwa, sai wani baƙin rubutu ya bayyana, na tsohon harshen Indiya wanda masu addinin Buda na Japan su ke aiki da shi cikin ibadarsu, mai wasa ya bi shi da tsinken har ya cika, sa'an nan sihirin ya fita. Ban ce yaron ya yi tsafi ba, gama bai san abin da ya ke zanawa ba, zanen kuma ba shi da iko. Amma mu da iyayenmu suka kwance layu da guraye suka zuba a wuta ranar da suka ba da gaskiya, kamar mutanen Afisa cikin Ayyukan Manzanni 19, ya kamata mu buɗe baki mu gaya wa 'ya'yanmu abin da wannan hoto ya ke kwaikwaya. Na gaya masa, ya kuwa ji.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sunan nan, ninja. Na tambayi yaron ko su wane ne su, ya ce jarumawa ne masu baƙin kaya waɗanda ba a iya kashe su. Na je na bincika. Mutane ne na gaske, amma ba kamar na wasa ba. A zamanin da ƙasar Japan ta rarrabu, sarakuna suna yaƙi da juna, wajen shekara ɗari biyar da suka wuce, akwai mutanen duwatsu a lardin Iga da na Koga waɗanda sana'arsu leƙen asiri ce. Magewaya ne, irin waɗanda Joshuwa ya aika Yariko. Su kan yi shigar manomi ko ɗan kasuwa ko mai ibada, su shiga birnin abokin gaba, su ƙidaya mayaƙa, su auna ganuwa, wani lokaci su sa wuta a rumbu da dare. Gwaninsu shi ne wanda ya shiga ya fita ba wanda ya san ya zo. A 1581 babban mayaƙin nan Oda Nobunaga ya aika da runduna mai yawa zuwa Iga aka ragargaza ta, waɗanda suka tsira suka warwatsu, waɗansu suka shiga hidimar gidan Tokugawa.

To, ku saurara da kyau. Mutanen Japan su kan rubuta kalma da alama, alama ɗaya kuma ta kan haɗu daga ƙanana biyu. Alamar da ta ke farkon sunan ninja, wadda a ke karantawa nin, an haɗa ta daga kaifin wuƙa a sama da zuciya a ƙasa. Ma'anarta biyu ce: ɓuya, da kuma jimiri. Watau mutum ya ji kaifi a bisa zuciyarsa, ya daure, bai yi ƙara ba, bai zabura ba. Da na ga haka na ajiye takardar na yi shiru, gama na tuna da karatunmu na fari. Ku buɗe Ibraniyawa 4:12 ku karanta da kanku. Can an kwatanta Maganar Allah da takobi, an ce ta fi shi kaifi, wurin da ta ke aiki kuwa cikin mutum ne, inda tunani da nufi su ke ɓoye. A wasan yaron kaifin yana hannunsa, zukatan da a ke sara na waɗansu ne. A Littafi Mai-Tsarki kaifin yana hannun Allah, zuciyar kuma tawa ce. Mu duka mun fi son na farin. Har wa'azi mu kan saurara da tsinke a hannu, muna ja wa maƙwabci layi, muna cewa yau fasto ya sami wane.

Akwai kuma inda hanyar ninja ta gamu da ta masu bin Yesu, labarin kuwa mai zafi ne. A 1549 Faransis Zabiya ya sauka a Kagoshima da bishara. Shi da waɗanda suka biyo shi 'yan Roman Katolika ne, akwai abubuwa cikin koyarwarsu da ba mu yarda da su ba, amma sunan Yesu ne mutanensu suka sha wuya dominsa, ba kuwa za mu raina jininsu ba. Dubban mutane suka karɓi baftisma, har da sarakuna. Daga baya masu mulki suka ji tsoro kada addinin ya zama ƙofar mulkin baƙi. Ran 5 ga Fabrairu 1597 aka gicciye mutum 26 a kan tudu a Nagasaki, bayan an kora su da ƙafa daga Kiyoto cikin tsananin sanyi. Uku daga cikinsu yara ne, ƙaraminsu ɗan shekara 12, bai kai yaron nan namu ba. Ɗayansu, Bulus Miki, yana rataye ya yi wa'azi, ya shaida wa jama'a ya gafarta wa waɗanda suka kashe shi. A 1614 aka hana addinin Krista a ƙasar duka.

A ƙarshen 1637 manoman Shimabara da na tsibiran Amakusa suka gaji. Haraji ya yi musu nauyi, ga yunwa, ga tsanani saboda bangaskiya, yawancinsu kuwa Krista ne. Suka ɗauki makamai, suka sa wani saurayi, Amakusa Shiro, ɗan shekara kamar 16, a gabansu, suka shiga tsohuwar kagara ta Hara a bakin teku da matansu da 'ya'yansu. Shogun, watau babban sarkin yaƙi mai riƙon ƙasar, ya aiko da mayaƙa fiye da dubu ɗari suka kewaye su. Cikin rundunar akwai mutanen Koga. Su ne aka aika da dare su auna gwalalo da ganuwa, su sato abinci, su gano ko guzurin na ciki ya ƙare. Har jirgin mutanen Holanda, waɗanda su ma sunan Krista su ke amsawa, ya harba igwa a kan kagarar domin kada cinikinsu ya lalace. Wannan ban iya karanta shi ba sai da kunya. A watan Afrilu 1638 kagarar ta faɗi, aka kashe mutum wajen 37,000.

Ba ni da bakin zagin mutanen Hara. An zalunce su zalunci mai yawa, ni kuwa ban taɓa ganin an ƙwace hatsin 'ya'yana a gabana ba. Amma ba zan ɓoye abin da ya biyo baya ba. Takobinsu bai ceci ko ɗaya ba, ya kuwa ba masu mulki hujjar da su ke nema. Shekara guda bayan haka aka kori Turawan Fotugal, ƙasar ta rufe ƙofarta fiye da shekara ɗari biyu. A gonar Jatsaimani Bitrus ma yana da gaskiya a gefensa, gama kamun da aka zo yi na zalunci ne. Ya zare takobi domin Ubangijinsa, abin da ya samu kuwa kunnen bawa guda, mai suna Malkus. Yesu ya umurce shi ya mai da takobin kube, ya gargaɗe shi cewa makamin da mutum ya dogara gare shi shi ne zai cinye shi, kāna ya miƙa hannu ya warkar da kunnen, kamar yadda Luka likita ya rubuta. Aikin warkarwa na ƙarshe da ya yi kafin gicciye, gyaran ɓarnar almajirinsa ne.

Kada wani ya ce wannan labarin nesa ne. Waɗanda suka zauna a Jos a 2001 da 2008 da 2010 ba su bukatar in bayyana musu yadda saurayin da ya girma a Makarantar Lahadi ya kan ɗauki adda ya fita, yana tsammani aikin Allah ya ke yi. Mun binne namu, maƙwabtanmu Musulmi sun binne nasu, uwaye kuwa kuka iri ɗaya suka yi. Ban ce wasan na'ura ne ya kawo wannan ba, gama Kayinu bai taɓa riƙe na'ura ba. Amma akwai ƙarya guda biyu da irin wasan nan ya ke maimaita wa yaro ba da baki ba. Ta fari, abokin gaba ba shi da uwa. In an sare shi sai ya ɓace, ya bar ɗan haske wanda mai wasa zai kwashe ya sayi ƙarin ƙarfi da shi a kantin wani tsoho. Ba gawa, ba makoki, ba marayu. Ta biyu, mutuwa ba ta da nauyi. Na mutu a hannun yaron nan ya fi sau ashirin a yini ɗaya, kowane karo sai ya ce, "Ba kome, Baba, sake." Ibraniyawa 9:27 ta ce sau ɗaya ne, bayansa kuwa shari'a. Yaro mai hankali ya san bambanci, na yarda. Duk da haka icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, ya kamata uba ya faɗa da bakinsa abin da wasan ya bari bai faɗa ba.

Saura waɗanda ba su shiga kagara ba. Su ne suka ɗauki kaifin a bisa zuciya. Suka ɓuya a ƙauyuka da tsibirai, ba fada, ba majami'a, ba Littafi. A kowane gari suka sa wani dattijo mai yin baftisma, wani kuma mai lissafin kwanaki domin kada Kirsimati da Ista su ɓace musu. Uba ya koya wa ɗa addu'a a kunne, ɗa ya koya wa jika. Hukuma kuwa ta kan kawo wani faranti mai siffar Yesu ko ta Maryamu, a ajiye a ƙasa, kowa ya zo ya taka da ƙafa domin a san ba Krista ba ne. A Nagasaki kowace sabuwar shekara a ke yi. Waɗansu suka ƙi, aka kashe su. Da yawa suka taka, suka koma gida suka yi addu'ar tuba da hawaye, baɗi kuma suka sake takawa.

Me za mu ce da su? Matta 10:33 tana nan, ba ni da ikon share ta: wanda ya yi musun Ubangiji a gaban mutane yana cikin hatsari mai girma. Ba kuwa zan koya wa kowa ya taka ba. Shekaru masu yawa ba malami sun sa koyarwarsu ta gauraye da al'adun ƙasar, har waɗansu ba su komo cikin Ekklesiya ba sa'ad da ƙofa ta buɗe. Ɓuya tana da tsada. Amma na tuna Nikodimu wanda ya zo da dare, da Yusufu na Arimatiya wanda ya bi a ɓoye don tsoro, su ne kuwa suka fito suka ɗauki jikin Yesu ranar da masu bugun ƙirji suka gudu. Cikinmu ma akwai 'yan'uwa da su ke karanta wannan jarida a ɗaki a kulle saboda danginsu. Mu da mu ke zuwa sujada da ganga da kacau-kacau, mu yi hankali da bakinmu a kansu, mu riƙa tunawa da su cikin addu'a, mu kuma buɗe musu gidajenmu ranar da za su fito.

Gama na Japan sun fito. Ran 17 ga Maris 1865 wani fada Bafaranshe, Bernard Petitjean, yana cikin sabuwar majami'ar da aka gina wa baƙi a Oura ta Nagasaki, sai ga 'yan mutane kaɗan daga ƙauyen Urakami. Wata mace ta matso kusa da shi ta raɗa masa cewa zuciyarsu da tasa ɗaya ce. Shekara 251 ke nan tun da aka hana addinin. Fitowar ba ta kawo musu hutu ba. Aka kwashe fiye da mutum 3,000 na Urakami aka watsa su a larduna dabam dabam, wajen 600 suka mutu a can, sai a 1873 aka ɗauke dokar. Wannan karo da yawa cikinsu ba su yi musu ba, ba su kuwa ɗauki makami ba. Misalai 16:32 ta ɗora mai mallakar zuciyarsa a bisa wanda ya ci birni da yaƙi. Dā na kan karanta ayar kamar karin magana ne kawai na ta'aziyyar marasa ƙarfi.

Da kwana bakwai suka cika na kira uban da ɗansa. Na ce kada a fasa, kada a ƙone. Muka shirya cewa na'urar ba za ta ƙara shiga majami'a ba, ba a taɓa ta ran Lahadi, sauran kwanaki kuma sai an gama aikin gida da na makaranta, a tsakar gida inda kowa ya ke gani. Na roƙi uban ya zauna ko sau ɗaya ɗansa ya koya masa kamar yadda ya koya mini, gama ya yarda bai taɓa tambayarsa abin da ke ciki ba. Yaron kuma ya nemi gafarar ubansa, ya yi alkawarin ba da labarin mutanen Urakami ga ajinsu na Makarantar Lahadi.

Suna shirin tafiya sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Baba, waɗanda suka taka hoton, Allah ya gafarta musu?" Na ce masa ya je ya karanta Luka 22 daga aya 54 zuwa 62, sa'an nan Yohanna 21 daga aya 15, ya ƙidaya sau nawa Bitrus ya yi musu da sau nawa aka tambaye shi, ya zo ran Asabar ya gaya mini abin da ya samu. Ya ce to. Uban ya miƙa masa na'urar, ya sa ta a aljihu, na ba shi aron Sabon Alkawari nawa mai baƙin bango, wanda girmansa ya yi kusan daidai da nata.